Masu Zana Taswirar Zafin Ƙarƙashin Zamfara

A tsakanin shekarun 2003 da 2010 wasu ƙananan jiragen sama sun yi ta shawagi ƙasa-ƙasa a sararin Nijeriya, mita 80 kacal daga doron ƙasa. Jirgi ya miƙe ɗoɗar har ƙarshen layinsa, ya juyo, ya kama wani layin mai tazarar mita 500 da na farko, haka dai har aka karaɗe mafi yawan ƙasar. Kamfanin Fugro ne ya yi wa Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya, NGSA, wannan aiki, Bankin Duniya kuma ya sa hannu a kuɗinsa. Manyan na'urorin da ke cikin jiragen biyu ne. Ɗaya tana auna ƙarfin maganaɗisun duwatsu, ɗayar tana ƙirga wani haske da ido ba ya gani, wanda ke fita daga duwatsun da ke ɗauke da yuraniyam da toriyam da fotasiyam. Sun bi ta kan Gusau da Tsafe da Bungudu kamar yadda suka bi ta kan sauran garuruwa, suka bar miliyoyin lambobi a hannun hukuma.

Don neman ma'adanai aka yi aikin. Amma akwai wasu mutane a sassan nazarin ƙasa da na kimiyyar lissafi a jami'o'inmu, a Zariya da Sakkwato da Kano da Gusau, waɗanda suke zama da irin waɗannan lambobi su tatso wani abu dabam daga cikinsu: inda zafin cikin ƙasa ya fi kusanto da kansa sama. Ba su tona rami ba, ba su ga tururi ba, amma su zana maka taswira su ce nan a duba, can kada a ɓata kuɗi. A cikin sana'o'in ilimi na zamanin nan ba kasafai nake ganin wadda ta burge ni kamar wannan ba, kuma na ga ya dace mai karatu ya san yadda ake yin ta.

Cikin ƙasa zafi ne da shi. Duk wanda ya nutsa kilomita ɗaya, a mafi yawan wurare zafin zai ƙaru da digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas. Wani kaso na wannan zafi tun farkon halittar duniya yake, wani kason kuma waɗancan sinadarai uku ne ke haifar da shi a hankali yayin da suke ruɓewa a cikin dutse. Zafin yana tasowa sama dare da rana, damina da rani, sai dai kaɗan-kaɗan yake fitowa: a kan tudu, kimanin miliwat 65 a kowace murabba'in mita. Idan aka tattara na filin ƙwallo guda cur, bai kai rabin wutar da dutsen guga na lantarki ke ci ba. Rana kuwa da tsakar azahar tana zuba kusan wat 1,000 a kan wannan murabba'in mita ɗin. Mai neman zafin ƙasa ke nan yana neman ɗan ƙaramin abu ne a ƙarƙashin wanda ya ninka shi sau dubbai. Duk gwanintar a nan take.

A wasu ƙasashen abin ba ya buƙatar dabara, domin ƙasar da kanta take tallan abin da ke cikinta. A Larderello ta Italiya tururi ke fitowa daga ƙasa, shi ya sa tun 1904 Piero Ginori Conti ya kunna 'yan ƙwayayen fitila da shi, aka kuma gina tashar lantarki a 1913. A Kenya, inda ƙasa ke tsagewa a babban kwarin gabashin Afirka, tashar Olkaria ta fara aiki a 1981, yau kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na lantarkin da ƙasar ke samarwa daga zafin ƙasa yake. A Ayisland gidaje tara cikin goma da ruwan zafin ƙasa suke jin ɗumi. Mu ma muna da 'yan alamu, wato idanun ruwa masu ɗumi: Wikki a Yankari mai digiri 31, Ikogosi a Ekiti, Akiri a Nasarawa da Ruwan Zafi na Lamurde a Adamawa waɗanda suka haura digiri 50, Rafin Rewa a yankin Lere, sai Tafadek da ke arewa da Agadas a Nijar, inda mutane ke zuwa wanka don neman lafiya. Duk da haka har yau Nijeriya ba ta da tashar lantarki ko ɗaya mai aiki da zafin ƙasa.

Gabashin Zamfara ba irin Kenya ba ne. Babu dutse mai aman wuta. Abin da ke ƙarƙashin Gusau da Tsafe da Bungudu tsohon ginshiƙin dutse ne, tauri gare shi, ya daɗe da hucewa. A cikinsa akwai zirin duwatsu masu ɓarewa falle-falle waɗanda suka miƙe daga kudu zuwa arewa, masana suka raɗa musu sunayen garuruwa: zirin Anka, zirin Maru, zirin Wonaka. Akwai kuma giranit da ya kutso cikinsu yana narkakke kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, ya daskare a can ƙasa, sannan ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ke kansa har ya bayyana. Dutsen Kwatarkwashi da matafiyi ke gani a hanyar Gusau zuwa Funtuwa irinsa ne, haka ma duwatsun Tsafe. A wuri irin wannan, idan akwai zafi mai amfani, abu uku ne za su haɗu su samar da shi: dutsen da ke haifar da zafi da kansa, tsaga mai zurfi da ruwa zai bi ya sauka ya ɗauko zafin, da kuma murfin da zai hana shi tsiyayewa. Aikin mai taswira shi ne gano inda ukun nan suka gamu.

Kayan aikinsa shi ne abin da ake kira GIS, wato tsarin da kwamfuta ke adana bayani tare da ainihin wurin da bayanin ya shafa a doron ƙasa. Roger Tomlinson ne ya fara gina irinsa wa gwamnatin Kanada a shekarun 1960 don lissafin filaye da dazuzzuka. Mutanen Gusau sun san shi ta hanyar ZAGIS, ofishin da ke kula da takardun filaye. Dabarar ɗaya ce. Kowane irin bayani yana zama falle guda: fallen nau'in dutse, fallen maganaɗisu, fallen tsaga, fallen rafuka, fallen hanyoyi. Sai a yanka yankin gida-gida, kowane gida misali mita 100 tsawo mita 100 faɗi, a jera fallayen ɗaya bisa ɗaya yadda kowane gida zai zauna daidai kan ɗan'uwansa. Daga nan mutum na iya nuna gida ɗaya a kusa da Mada ko 'Yandoto ya tambaye shi komai a lokaci guda.

Wannan jerawa da ake gani kamar wasa ita ce jarrabawar farko. Tsofaffin taswirorin Nijeriya an zana su ne bisa ma'aunin da ake kira na Minna, na'urar GPS da hotunan tauraron ɗan'adam kuwa suna bin ma'aunin duniya na WGS84, kuma tsakaninsu akwai goce na gomman mitoci. Wanda bai lura ba sai ya ɗora rijiya a gefen tsaga alhali a kanta take. Gwani ba ya fara lissafi sai ya ga gadar da ke taswira ta hau kan gadar da ke hoto, kogin Sakkwato na wannan falle ya kwanta cikin na wancan.

Fallen maganaɗisu shi ne mafi ban mamaki, don haka bari in daɗe a kansa. A cikin duwatsu akwai wani ma'adanin ƙarfe, maganetayit, wanda ke riƙe maganaɗisu. Pierre Curie ya nuna a 1895 cewa irin waɗannan abubuwa suna rasa maganaɗisunsu idan zafi ya kai wani mataki. Na maganetayit digiri 580 ne. To tunda zafi yana ƙaruwa da zurfi, dole akwai wani zurfi a ƙarƙashin kowane gari inda dutse ya kai digiri 580, daga nan zuwa ƙasa kuma babu sauran maganaɗisu. Shi ake kira zurfin Curie. Wanda ya gano wannan zurfi ya sami ma'aunin zafi a wurin da babu mahaƙin da ya taɓa kaiwa.

Yaya ake gano shi daga jirgin da ke sama? Idan aka zana abin da na'urar ta auna a kan layi, za a ga yana hawa yana sauka. Dutsen da ke kusa da sama yana haifar da gajeren tudu mai tsini. Wanda ke can ƙasa yana haifar da tudu mai faɗi wanda sai an yi tafiyar kilomitoci kafin a gama haye shi. Duka a cakuɗe suke. Mai aikin yakan fara cire maganaɗisun duniya baki ɗaya don na duwatsun yankin ya fito fili. Sannan ya yi gyara na musamman, saboda arewacin Nijeriya na dab da tsakiyar maganaɗisun duniya, inda layukansa ke kwance maimakon tsaye, har dutse mai ƙarfin maganaɗisu yakan bayyana kamar mai rauni. Bayan haka ya tace cakuɗen da lissafi, ya ware gajerun tuddai da dogaye, daga yadda ƙarfinsu ke raguwa ya ƙiyasta saman duwatsun masu maganaɗisu da tsakiyarsu, daga waɗannan biyu ya fitar da ƙarshensu. Spector da Grant ne suka kafa tushen wannan lissafi a 1970, wasu masana na Japan suka inganta shi daga baya.

Sauran lissafin ko ɗan sakandare zai iya. A ce an sami zurfin Curie na kilomita 20 a wani yanki. A raba 580 gida 20, an sami digiri 29 a kowace kilomita. A ninka da 2.5, wanda shi ne adadin da aka saba ɗauka na yadda irin waɗannan duwatsu ke watsa zafi, an sami miliwat 72 da ɗoriya. Wuri ne na yau da kullum ke nan. Idan zurfin kilomita 30 ne, miliwat 48, wurin sanyi gare shi. Idan kuwa kilomita 14 ne, an haura miliwat 100, a nan ne mai taswira zai gyara zama.

A nan kuma ake bambanta gwani da mai garaje. NGSA tana ba da bayananta falle-falle, kowane ɗaya rabin digiri ne, kimanin kilomita 55 kowane gefe. Don a hango abin da ke zurfin kilomita 20 ko 30, ana buƙatar fili da ya ninka wannan zurfi sau da yawa, domin dogon tudu ba ya shiga ƙaramar taga. Wanda ya sayi falle ɗaya don kuɗinsa iya nan suka kai, ya kuma daddatsa shi ƙanana, lissafi zai ba shi zurfi gajere, zurfi gajere ya ba shi zafi mai yawa, sai ya fito yana shelar ya gano taska. Gwani yakan haɗa fallen Gusau da na maƙwabtansa gabas da yamma, kudu da arewa, ya ɗinke su, sannan ya fara. Ya kuma san cewa wani lokaci maganaɗisu na ƙarewa ne don nau'in dutse ya sauya, ba don zafi ba. A zirin Maru akwai duwatsu masu jijiyar ƙarfe waɗanda ƙarfinsu ke danne na maƙwabtansu, ya jirkita sakamako. Mutumin da ya ga adadi mai daɗi ya fara tuhumarsa kafin ya yi murna, shi nake kira masani.

Falle na biyu daga na'urar haske yake fitowa. Tana faɗin yawan yuraniyam da toriyam da fotasiyam, daga su a lissafa zafin da kowane dutse ke haifarwa da kansa. Giranit yakan fi sauran duwatsu, don haka a wannan falle duwatsun yankin ke haskawa. Sai dai na'urar ba ta gani fiye da kimanin kamu ɗaya na saman ƙasa. Inda jar marmara ta rufe dutse, ko damina ta kwaso yashi ta jibge a kwari, abin da aka auna na marmarar ne da yashin. Mai taswira dole ya riƙe taswirar duwatsu a ɗaya hannun, ya san inda zai yarda da adadin da inda zai yi watsi da shi.

Sai tsaga. Dutse mai zafi da babu ruwa a cikinsa ba shi da hanyar miƙo zafinsa, ruwa kuma a cikin giranit ba ya tafiya sai ta tsaga. Ana nemo su ta hanya biyu. A fallen maganaɗisu, inda adadi ya yanke kwatsam a kan miƙaƙƙen layi, akwai alamar dutse ya karye ya goce. A taswirar tudu da kwari kuma, wadda kumbon Amurka ya auna a watan Fabrairun 2000 ake kuma samun ta kyauta, mai aikin yakan sa kwamfuta ta haska ƙasar daga gefe kamar hantsi, ya juya hasken ta arewa, ya juya ta gabas, har layukan da suka ɓuya su fito. Rafin da ya miƙe sak na kilomitoci sannan ya karya kwana kamar an ja shi da igiya, ba haka kawai ya yi ba. Ruwa ba ya tsami banza. Yana bin rauni ne a cikin dutse. Akwai manyan karaya da aka sani a arewa maso yamma, kamar wadda ta bi ta Anka ta nufi Yawuri, da ƙanana masu tarin yawa da suka reshe daga gare su. Inda biyu suka gicciye juna ya fi daraja, domin a nan dutse ya fi farfashewa. Mai gani da kyau yakan share layukan da suka zamo titi ne, ko layin dogon da ya iso Gusau da Ƙaurar Namoda a 1929, ko iyakar gona.

Akwai tarko a nan wanda ya shafi Zamfara kai tsaye. Zinaren da ake haƙa a Anka da Maru da Bukkuyum ruwan zafi ne ya kawo shi. A zamanin da giranit ke kutsowa, ruwa mai tsananin zafi ya bi tsagogi ɗauke da narkakkun ma'adanai, da ya huce sai ya bar farin dutsen nan da mahaƙa ke bi, da zinare a ciki, wani wurin har da dalmar da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010. Sawun wannan ruwa yana fitowa ɓaro-ɓaro a fallen fotasiyam. Mai garaje ya gan shi ya ce ga ruwan zafi. Gwani ya ce ruwan zafi ya taɓa wucewa ta nan shekaru ɗaruruwan miliyoyi baya, kuma farin dutsen da ya bari ya toshe hanyar. Tambayarsa ita ce wace tsaga ce har yanzu take a buɗe.

Fallen da ya fi ruɗin ido shi ne na tauraron ɗan'adam. Landsat 8 da aka harba a 2013 da Landsat 9 na 2021 suna ɗauke da idon da ke ganin zafin doron ƙasa, kowannensu yana dawowa kan wuri ɗaya bayan kwana 16, hotunansu kuma kyauta ne. A buɗe hoton watan Afrilu na tsakanin Gusau da Tsafe. Falalen duwatsu za su fito jawur. Gonar da aka ƙone ta fito jawur. Kwalta da siminti na cikin gari su ma haka. Fadama da bakin madatsar ruwan Gusau su fito shuɗi. Hoton yana da kyau, kuma kusan duk abin da ya nuna rana ce. Ko hoton dare ba ya raba gardama, domin wanda ya taɓa zama kan fa bayan isha'i ya san dutse yana riƙe zafin yini har dare ya raba.

Abin da gwani ke yi da wannan falle aikin haƙuri ne. Ya tara hotunan shekaru da dama, na bazara da na kaka da na hunturu, ya jefar da waɗanda gajimare ko ƙurar hunturu ta ɓata. Ya cire tasirin tudu, da gefen da ke fuskantar rana, da yawan ciyayi, da gine-gine. Abin da yake nema shi ne ɗan wuri a cikin kwari, mai danshi, wanda ya kamata ya fi kewayensa sanyi amma kullum sai ya fi shi ɗumi, a kowane lokaci na shekara, kuma yana zaune kan tsaga. Irin wannan wuri ko ɗaya aka samu ya fi jan tabo ɗari.

Maganar murfi kuwa, ita ce raunin yankin. A Cooper Basin ta Ostareliya an sami giranit mai zafin fiye da digiri 200 saboda kilomitoci na laka da yashi sun lulluɓe shi sun riƙe zafin. Giranit ɗin Tsafe da Kwatarkwashi a tsirara yake, zafin da ya haifar yana fita iska. Sai an nufi yamma da arewa maso yammacin jihar, wajen Gummi da Bakura da Shinkafi, inda tsohon dutse ya fara nutsewa ƙarƙashin yashin kwarin Sakkwato, sannan murfi ke farawa, can ma a bakin kwarin ba shi da kauri. Taswirar da ta tsaya a iyakar ƙaramar hukuma ba za ta nuna wannan ba.

Idan fallaye suka kammala sai a zo haɗawa. Kowane gida a ba shi maki daga 1 zuwa 5 a kowane falle, kowane falle kuma a ba shi nauyi gwargwadon muhimmancinsa. Ga misali da na ƙirƙira don a ga yadda abin yake. A ce zurfin Curie ya ɗauki 30 cikin 100, tsaga 25, zafin da dutse ke haifarwa 20, nau'in dutse 15, zafin doron ƙasa 10. Gida na farko yana kwari inda tsaga biyu suka haɗu, makinsa 4, 5, 3, 3, 2. A ninka kowane da nauyinsa a tara, ya tashi 370 cikin 500. Gida na biyu yana kan ƙoƙuwar dutse, makinsa 3, 1, 5, 4, 5, ya tashi 325. Kwari ya ci. Yanzu a musanya nauyi biyu kawai, a ba zafin doron ƙasa 30, a ba zurfin Curie 10. Kwari ya faɗo 330, kan dutse ya haye 365. Ba a taɓa ko adadi ɗaya na awo ba, amma taswira ta kife.

Wannan ya nuna cewa kwamfuta ba ta yanke hukunci, ɗan'adam ke yankewa, ita tana ninkawa ne tana tarawa. Shi ya sa ake bin hanyar da Thomas Saaty ya tsara a shekarun 1970, inda ake gwada fallaye biyu-biyu, a tambayi masana wanne ya fi wanne kuma da nawa, sannan lissafi ya bincika ko amsoshinsu sun ci karo da juna. Mai riƙon amana ba ya tsayawa nan. Yakan sauya nauyin sau da yawa da gangan, ya ga waɗanne wurare ne ke nan daram komai aka sauya. Su yake miƙa wa hukuma. Ya kuma rubuta nauyin da ya yi amfani da shi ƙarara a gefen taswira don wani ya iya ƙalubalantarsa. A ƙarshe ya ɗora garuruwa da hanyoyi da layin lantarki, domin ruwa mai digiri 70 ba ya jure doguwar tafiya a bututu, amfaninsa sai kusa da inda ya fito.

Duk wannan a kan kujera ake yinsa, da manhajar QGIS da kowa ke saukewa kyauta ko ArcGIS ta kamfanin Esri. Amma zuwa da kai ya fi aike. Taswirar ba ta zama abin dogaro sai an je wuraren da ta nuna, an ga dutsen, an zura ma'aunin zafi cikin rijiya, an ɗebi ruwa an kai ɗakin gwaji, domin yawan narkakken farin dutse a cikin ruwa yana faɗin zafin da ya gamu da shi a can ƙasa ko da ya huce kafin ya fito. A nan ne halin da jihar ke ciki ya tsaya wa ilimi a wuya. Dazuzzukan Tsafe da Maru da wasu sassan Bungudu ba wuraren da malami zai shiga da ɗalibansa da na'urori ba ne a shekarun nan na 'yan bindiga. Abin takaici ne matuƙa, kuma ya ƙara wa aikin taswira daraja, tunda ita ce za ta rage wuraren zuwa daga ɗaruruwa su koma 'yan kaɗan da za a iya shirya wa tafiya da rakiya.

Me za a yi da zafin idan an same shi? Gara a faɗi gaskiya. Inda zafi ke ƙaruwa da digiri 30 a kilomita, sai an haƙa kusan kilomita 4 kafin a kai digiri 150 da tashar lantarki ke so, rijiya ɗaya irin wannan kuma miliyoyin daloli take ci. An yi hakan a giranit a Soultz ta Faransa da United Downs ta Ingila, inda aka nutsa kimanin kilomita 5, aikin da aka fara a Cooper Basin ta Ostareliya kuwa tsada ta sa aka rufe shi duk da zafin da aka samu. A yau, ga Zamfara, hasken rana ya fi arha nesa ba kusa ba. Fifikon zafin ƙasa shi ne ba ya faɗuwa da magariba kuma ba ya buƙatar batir. Sannan ba lantarki kaɗai ake yi da shi ba. Ruwa mai digiri 60 zuwa 80 yana busar da tumatir da tattasai da hatsi cikin tsabta, yana aiki a majema, da wata na'ura ma yana sanyaya ɗakin ajiya. A kusa da Olkaria da shi ake ɗumama rumfunan furannin da ake fitarwa Turai. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, jihar da za ta yi tsari kuwa ya kamata ta san abin da take da shi da abin da ba ta da shi. Taswirar da ta ce babu ma ta yi aiki, domin ta tsare dukiyar jama'a daga ramin banza.

Abin da masu wannan sana'a suka fi rashi shi ne awo na gaske daga cikin ƙasa, kuma yana nan a warwatse ba a tattara ba. Kowace shekara ana haƙa rijiyoyin burtsatse a Gusau da Tsafe da Bungudu, na gwamnati da na 'yan siyasa da na masu sadaka. Mai haƙa ya san zurfin da ya kai, ya san inda ya bugi dutse da inda ruwa ya ɓalle, amma da wuya a rubuta, zafin ruwan kuwa ba a ma aunawa. Ina kira ga hukumomin ruwa na jihar da su wajabta wa duk ɗan kwangila ya miƙa lambar wurin daga GPS, da zurfi, da zafin ruwa bayan an bar famfo ya yi gudu, a ajiye kwafi a Jami'ar Tarayya ta Gusau. Ma'aunin zafin bai kai kuɗin buhun siminti biyu ba.

Kai kuma mai karatu, ruwan rijiya da ke ɗumi da asubar hunturu ba abin mamaki ba ne, iska ce ta yi sanyi. Amma idan a garinku akwai rijiya ko idon ruwa da ya fi na maƙwabtansa zafi rani da damina, ko wanda dattawa suka daɗe suna ambata da hakan, ka auna shi, ka ɗauki lambar wurin da wayarka, ka kai wa sashen nazarin ƙasa na jami'ar da ta fi kusa da kai.